Wanda Zai Karɓi Jifan Sada

Litinin, 23 ga Zulƙida 1436, bayan La'asar

Shekara da shekaru ina dafa wa alhazai abinci a wannan bene na unguwar Aziziyya a Makka. Na ciyar da Baturke, na ciyar da ɗan Indonesiya, amma ɗan Koriya yau na fara gani. Ma'aikaci ne a wani kamfani a garin Yanbu, nan Saudiyya, can ya musulunta, ya ɗauki hutu ya taho da wuri don ya saba da gari kafin aikin Hajji. Sunansa na gida Pyo Giryong. Na gwada faɗa, harshena ya ce bai san zancen ba, sai baƙon ya yi dariya ya ce in kira shi Idris. An ba shi ɗakin da ke jikin kicin ɗina, bango ɗaya ne tsakaninmu.

Dogo ne mai faɗin kafaɗa, zai yi arba'in. Larabcinsa guntu-guntu ne, amma ana fahimta. Da na miƙa masa shayi da hannu biyu ya karɓa, na ga dogon tabon ɗinki a gwiwar hannunsa na dama.

Ƙanena Sada ne zai kula da shi, don ayarinsu ɗaya, shi ma bana Allah ya yi ya samu takardar izinin Hajji. Sana'ar Sada tura keken marasa ƙarfi a Harami. A nan Makka aka haife shi, ni kuwa a Funtua na girma wurin kawu, shi ya sa Hausarsa rabi Larabci ce. Kafin shayin ya huce har ya mai da baƙon abokinsa, ya kuma cinye masa dabino.

Laraba, 25, bayan Azahar

Jiya na ji na share. Yau ma an yi.

Da an idar da Azahar benen nan yakan yi tsit, kowa ya shige ɗaki ya kunna na'urar sanyi. To a lokacin ne nake jin dum a bango. Sai shiru, gwargwadon mutum ya karanta Fatiha. Sai dum. Ba bugun guduma ba ne, ya fi kama da a jefa abu mai tauri cikin matashin fata. Ludayoyina a jikin bangon suke rataye, ko motsi ba su yi ba.

Na je na ƙwanƙwasa masa, da niyyar in ce baƙo ba ya rushe wa mutane gida. Na same shi zaune a bakin gado, hannuwa a kan cinya. Can a kan tebur akwai wata farar ƙwallo mai jan ɗinki, girman lemo. Ina tsaye a bakin ƙofar aka sake yin dum, a bayana, daga wajen kicin.

Ya dube ni ya ce, “Ka ji?”

Na ce na ji mana, kurma ne ni?

Sai fuskarsa ta canza. Ya ce ba kowa ke taya shi ji ba.

Alhamis, 26, gab da Magariba

Mun hau rufin bene da shayi, ni da shi da Sada. Sada ne ya tsare shi da tambayar ƙwallon nan, ni dai kunne na kasa.

Wasan sunansa besbol. Mutum ɗaya ke tsayawa a tsakiyar fili yana jifa, wani yana jira da gora ya make. Idris tun yana firamare a wani garin masunta aka gano yana da hannu. A sakandare aske musu kai aka yi ƙwal, a makaranta suke kwana, ba hutu ba ziyara. Shekararsa ta ƙarshe shi ya yi jifa a kowane wasa na gasar ƙasa har suka kai ƙarshe, gwiwar hannun ta kumbura yana ɓoyewa. Da manyan ƙungiyoyi suka zo zaɓen 'yan wasa, labarin kumburin ya riga shi zuwa, ba wanda ya ɗauke shi. Ya tafi jami'a ya ci gaba. Bayan ya gama wata ƙungiya ta ɗauke shi a can ƙarshen layi, ta ajiye shi a rukuni na biyu, masu wasa da tsakar rana a filin da ba kowa sai mai shara. A nan jijiyar ta tsinke, aka yanke shi aka dasa masa wata. Ya yi aikin soja, ya dawo, kowa ya ɗauka ya gama. Sai ya koyi jifan gefe, yana karkata jiki kamar mai yankan ciyawa da lauje, da wannan ya shiga rukuni na farko.

Amma ba shi ke fara wasa ba. Ya ce wanda ya fara jifa in ya gaji, ko abu ya rincaɓe masa, sai a cire shi a sa wani. Wannan wanin shi ne Idris. Akwai wani lungu a bayan fili inda irinsu suke zama. Da waya ta yi ƙara a lungun sai a ce wane tashi, ya fara jifa cikin safar hannu ta fata da abokinsa ke tarewa da ita don hannu ya yi ɗumi.

“Wanda ke tsakiyar fili ba ya waiwayowa,” in ji shi. “Amma yana jin ƙarar. Ya san an kusa cire shi.”

Na ajiye kofina. Na tuna da bangon kicin ɗina.

Sada ya tafa ya ce, “Ya salam! Ashe bana Shaiɗan ya shiga uku, an kawo masa gwanin jifa.” Ya tsinci tsakuwa ya ba shi, ya nuna masa tankin ruwa. Idris ya tsaya, ya karkata, ya wurga hannu da ƙarfi, amma yatsun ba su buɗe ba. Ya sake, haka. Ya gwada da hagu, haka. Da ya juya wa tankin baya sai hannun ya saki don kansa, tsakuwar ta faɗi a gabansa. Ya ce shekaru ke nan. Yana rubutu da hannun, yana cin abinci, jifa ne kawai ya ƙi.

Wallahi ya ba ni tausayi. Sada kuwa ya dafa shi ya ce, “Halas, ya Idris. Bana ni zan karɓe ka a Jamra, in yi nawa in yi naka. In kuma na gaji kai ma ka karɓe ni. Na ba ka izini, Yaya Hafizu ne shaida.” Muka yi dariya, har da Idris.

Juma'a, 27, bayan Isha

Iska da ruwa da tsawa tun La'asar. Babban injin ɗaga kayan gini ya faɗo cikin Harami, kan mutane. Sada yana can da kekensa.

Ya dawo. Sharkaf, takalmi ɗaya, jinin da ke rigarsa ba nasa ba ne. Na zazzage shi da faɗa kan rashin ɗaukar waya, sannan na shiga kicin na rufe ƙofa na yi abin da ba zan rubuta ba. Na ce a raina, to, abin da ake ta bugawa ke nan, ya wuce.

Asabar, 28, bayan Azahar

An yi jifan a bangon yau ma.

Talata, 1 ga Zulhajji, hantsi

Na kai wa Inna, mahaifiyarmu, cefane a unguwar Misfala, inda suke zaune da Sada. Idonta ya tafi kusan duka, amma ta wanke masa ihraminsa da kanta, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin matashinta wai kada ya yi ƙura. Sada ya riga ya ba ta labarin baƙon.

Ta ce, “Wannan mai ciwon hannun, ku daina matsa masa. Ku bar masa hannunsa.”

Na ce ai ba mu matsa masa ba. Ta ce ta san halin Sada, ta kuma san nawa.

Na tambayi Malam Issoufou, mutumin Damagaram da ke karantarwa a masallacin bayanmu, ko ya halatta a yi wa Idris jifa. Ya ce lalura ce, ya halatta, muddin wakilin shi ma alhaji ne, kuma ya fara yin nasa.

Alhamis, 3, bayan Azahar

Idris ya shigo kicin yana taya ni yankan albasa, don ba ya son zama a ɗakin in lokacin ya yi. Aka fara. Muka ci gaba da yanka kamar ba mu ji ba.

Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Ya ce shekara ɗaya tak ya ji daɗin sana'ar: yara suna sa riga mai sunansa, mahaifinsa ya bar kwalekwale ya zo kallo. Shekarar da ta biyo baya, wata rana aka kira shi ya karɓi wasa. Jifan farko ya kuɓuce ya samu mai gora a gefen kai. Mutumin bai mutu ba, amma ido ɗaya ya tafi, bai ƙara wasa ba. Idris ya je asibiti ya durƙusa, mutumin ya ce ya yafe. Hannun ne bai yafe ba. Tun daga ranar in ya wurga sai yatsu su ƙi. Aka mai da shi rukuni na biyu, aka kai shi wurin likitoci, daga ƙarshe aka sallame shi.

Ya ce ƙarar nan ya fara jin ta ne makonni kafin mahaifinsa ya rasu. Ya sake ji a Yanbu kafin wani abokin aikinsa ya faɗo daga sama. Kuma kullum na kusa da wanda za a cire ne yake taya shi ji.

Na ce masa ya rufa mini baki. Musulmi ba ya camfi, kuma famfon ruwan benen nan ya tsufa. Ya ce na'am. Albasa ce ta sa idona ruwa.

Lahadi, 6, da yamma

Na ce wa Sada ya kula da kansa a Mina. Ya ce, “Yaya, ni fa a cikin cunkoso aka yanke mini cibiya.” Na ce ya bar wa wani jifan baƙon. Ya ce ya riga ya yi alkawari. Na ja shi kicin da Azahar don ya ji da kunnensa. Ana yi, dum, dum, yana tsaye yana cin ƙanzo a tukunyata yana tambayata wai me zai ji.

Talata, 8, bayan Azahar

Sun tafi Mina da safe cikin fararen kaya. Idris ya bar ƙwallonsa a kan tebur. Ɗakin a kulle yake, makullin yana aljihuna. An yi jifan.

Laraba, 9, ranar Arfa

Bene ba kowa sai ni da tukwane. Yau babu tazarar Fatiha tsakanin bugu da bugu.

Alhamis, 10, ranar Sallah, hantsi

Jifan bai jira Azahar ba. Ina soya naman karin safe aka fara, da sauri da sauri, sannan ya tsaya cak.

Sai jiniyar motocin asibiti daga wajen Mina. Har yanzu ba su daina wucewa ba.

Alhamis, bayan Magariba

An ce cunkoso ne a hanyar zuwa Jamra. An ce mutane da yawa. Wayar Sada tana shiga, ba a ɗauka.

Juma'a, 11, bayan La'asar

Na samu Idris a bakin tantinsu, tsaye, tun jiya. Ya ce bayan Asuba Sada ya ɗebi tsakuwar ranar, tasa da ta Idris, ya ce masa ya huta, yanzu zai dawo su yi aski tare. Sauran tsakuwoyin da suka tsinta a Muzdalifa suna hannun Idris cikin gorar ruwa biyu. Ta Sada an ɗaura mata jan zare a wuya.

Na zaga asibitoci. Akwai waɗanda ke kwance ba su farfaɗo ba, ba suna, ba takarda. Ana barin mutum ya leƙa fuska. Na leƙa da yawa. An ce akwai wasu a Ɗa'if da Jidda, can aka kwashe su. To yana cikinsu.

Na ce wa Inna layin waya ne ya cushe. Ta ce to.

Yau ba a yi jifa a bangon ba. Na ce alhamdu lillahi, sannan na rasa dalilin da ya sa ban yi murna ba.

Asabar, 12, bayan Azahar

Na je wurin Malam Issoufou. Na ce Sada yana kwance a wani asibiti, kwanakin jifa kuma gobe za su ƙare, ba na son Hajjinsa ya samu giɓi. Ya tambaya ko ya wakilta wani. Na ce ya wakilta Idris, a gabana, ko da yake cikin wasa ne. Ya ce izini izini ne. Sai dai Idris ya fara sauke nasa duka, har da na ranar Sallah tun da ba a san ko an yi ba, sannan ya yi na Sada, kafin rana ta faɗi gobe.

Na miƙe zan tafi sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, “Hafizu, wannan hukuncin mai rai ne. Wanda Allah ya karɓa cikin ihrami ba a ƙarasa masa komai. Ba a rufe masa kai, ba a sa masa turare, haka zai tashi yana Labbaika.”

Na ce na sani, amma ba shi na zo tambaya ba.

Na koma wurin Idris na faɗa masa. Ya kalli hannunsa ya daɗe. Ya ce, “An kira ni. Zan shiga.”

Wayar Sada ta daina shiga. Caji ne ya ƙare.

Lahadi, 13, bayan La'asar

Mun tafi da rana ta karkata. Yawancin alhazai sun watse tun jiya, wurin da sauƙi, sai takalma warwatse a hanya. Na riƙe masa gora mai jan zare.

Ya tsaya gaban bangon Jamra da tsakuwa a hannu, gumi yana zuba. Ya daɗe har na fara cire rai. Sai ya ce Allahu Akbar, ya karkata, hannun ya zagayo ta gefe. Ban ga tafiyar tsakuwar ba, ƙararta kawai na ji, tas! Wani soja da ke gefe ya waiwayo. Idris ya buɗe tafinsa ya duba, wayam. Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, yana jifa yana kuka, ba wadda ta kauce. Muka bi Jamrorin bi da bi har gorarsa ta ƙare. Ni ma murna ta kama ni, na ce ga shi Allah ya buɗe, saura na Sada.

Muka dawo farko. Na zuba masa tsakuwa daga gora mai jan zare. Ya ce, “A madadin Sada. Allahu Akbar.” Ya wurga.

Hannun bai buɗe ba.

Ya sake. Ya sake. Na ce ya canza tsakuwa, amma ba a iya ciro ta farkon ba. Na kama yatsunsa ina ɓamɓarewa, ni da nake sara ƙashin rago kullum, ko ɗaya ban iya ɗagawa ba. Na ce masa yanzun nan ka yi naka, munafuki! Na zage shi da Hausa, zagin da ban taɓa yi wa baƙo ba, a wuri irin wannan. Bai ji abin da na ce ba, amma ya gane. Yana cewa, “Ina so, wallahi ina so.” Jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Da ya gaji ya sauke hannun, ya juya wa bangon baya. Yatsun suka saki a hankali. Tsakuwar tana kwance a tafinsa, ta huda fatar.

Muka tsaya a wurin har inuwa ta yi tsawo. 

Litinin, 14, hantsi

Na je Misfala da sabuwar ƙarya a bakina. Na tarar da kwanon abincin Sada a rufe inda ta saba ajiye masa. Ban kai ga zama ba ta ce, “An ce baƙon ya je yi wa ɗan'uwanka jifa.”

Na ce eh, Inna.

“Hannun ya buɗe?”

Na ce ya buɗe a nasa.

“A na Sada nake tambaya.”

Na sunkuyar da kai. Ta laluba ta jawo kwanon, ta buɗe, ta tura mini gabana.

Ta ce, “Ci, kada ya lalace. In kun same shi, Hafizu, ka tsaya a kan masu yi masa sutura. Kada su rufe masa kai.”

Alhamis, 17

Jidda. Ba ya nan.

Asabar, 19

Ɗa'if. Idris ya ƙi komawa Yanbu, duk inda na sa ƙafa yana bayana. Na ba shi haƙuri kan zagin. Ya ce wane zagi.

Talata, 22, bayan La'asar

A Mu'aisim, inda ake nuna hotunan waɗanda suka rasu. Idris ne ya fara gane shi.

Na tsaya a kansu kamar yadda ta ce. Kansa a buɗe, gashin da bai samu askewa ba yana nan.

Juma'a, 25, bayan La'asar

Idris ya tafi da safe. Ya so ya bar mini ƙwallon, na ce ya tafi da abinsa, hannunsa ya warke, ya koya wa yaran Yanbu. Ya rungume ni, ya ce bai ƙarasa wa Sada wasansa ba. Na ce ba a bar maka komai ba ne, an riga an karɓa.

Gora mai jan zare tana kan kantar kicin, kusa da gishiri. Na san ya kamata in mayar da tsakuwoyin Mina in zubar. Sai wani satin.

Da aka idar da salla na dawo kicin, bene ya yi tsit. Na kashe murhu, na jingina da bangon, ludayi a hannuna. Makonni ina roƙon Allah ya ɗauke mini ƙarar nan, yau kuma ita nake jira. Muddin ana buga ta, Sada yana cikin fili, ba a cire shi ba.

Na tsaya har aka kira La'asar.